Jinin Ƙyalla

Damina ta leƙo Gadarif ta juya baya.
Tafkin garinmu ya tsage kamar diddigen manomi,
gaɓar Rahad ta zama hanyar jakuna.
Shanun Baffa Jibrin goma sha ɗaya ne,
daga bakin zaure nake ƙirga haƙarƙarinsu.

Daren Laraba aka yi yayyafi.
Bai isa cika ƙwarya ba,
amma ya isa ruɗin gona.
Dawar da ta tsaya iya gwiwa tun watan jiya,
wadda muka ci bashin taki buhu biyu dominta,
ta wayi gari kore shar, kamar ba ita ba.

Ni na buɗe shingen, ba na ɓoyewa.
Na dubi kore, na dubi yunwa,
na ce ga mai nema, ga abin nema.
Ƙyalla ce ta fara kutsawa da cikinta wata shida,
ko kai ba ta ɗaga ba.

Kafin la'asar tana haki,
ita da ba ta yi gudu ba.
Ƙafafu na kaɗawa, dasashi ya dushe ya koma ƙasa-ƙasa.
Ta durƙusa kamar mai neman gafara.
Baffa ya sa wuƙa don kada ta tafi a mushe,
sai ga abin da ya zubo:
ba ja ba,
irin gahawar da Inna Sa'adiyya ke tsiyayowa
daga bakin tulunta da asuba.

Likita Ummu Salama ta iso daga Hawata
a bayan motar gawayi, mayafinta duk ƙura.
Biyu ta tarar a kwance, da sauran numfashi.
Ta laluba jijiyar wuya,
ta ɗura musu ruwa shuɗi kamar na marina.
Ɗaya ta miƙe kafin isha. Ɗayar sai da gari ya waye.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.
Kara ɗaya ta tumɓuke,
ta dasa farce a gindinsa:
"Nan yake kwana.
Shuka ta sha taki, fari ya hana ta girma,
gishirin ya taru a ƙasa, ba inda za shi.
Yayyafi ya zo, saiwa ta ƙara zuƙa.
In ya shiga jini, jini ya daina ɗaukar iska.
Saniyarka tana shaƙa, Tukur,
amma nutsewa take yi a kan tudu."

Na ce to mu shanya shi.
Ta girgiza kai: "Rana ba ta kashe wannan."

Yanzu lauje na sama nake sa shi,
in bar wa ƙasa taƙi guda da rabi, rabonta ne.
Ba na kai mai yunwa gaban ɗanye.
Harawar gyaɗa tukuna, sai ciki ya lafa,
sannan ɗan kore a cakuɗe,
kaɗan da hantsi, kaɗan da yamma.
In sama ta yi yayyafi, shinge na rufe mako guda
ko da suna kuka har maƙwabta su yi magana.
Masu ciki kuwa ko ƙamshinsa.
Damin da na yi shakka, in yanki gindinsa
in aika Hawata a duba.

Goma suka rage, ramammu, amma a tsaye.
Baffa bai taɓa tayar da zancen ba.
Igiyar Ƙyalla dai tana rataye a turkenta,
ba wanda ya ce a cire.

Da asuba Inna ta miƙo mini finjali,
tururi na tashi, citta na ƙamshi.
Nakan riƙe shi har ya huce.